Shinkafar Hausawa a Bakin Tekun Barazil

Hausawa na cewa baƙo ko da ido makaho ne, kuma babu baƙon da maganar ta fi kamawa kamar mai yawon buɗe ido a babban birni. Kwanakinsa ƙididdigaggu ne, guzurinsa ƙididdigagge, harshen garin kuwa ya gagare shi. Sai ya bi inda aka nuna masa, ya kalli abin da aka ce ya kalla, ya ɗauki hoto, ya koma gida da tsaraba. Babu laifi cikin haka, domin a kwana uku ko huɗu ba wanda zai san garin da aka yi ƙarni huɗu da ɗoriya ana ginawa. Sai dai akwai biranen da ba su barin baƙo ya wuce salin-alin, musamman idan ya fito daga ƙasar da ke da tsohon bashi tsakaninta da su. Ga duk wanda ya sha Hausa a nono, birnin Salbador na jihar Bahiya, a arewa maso gabashin Barazil, yana cikin irin waɗannan birane.

Wani malamin gona ne daga yankin Maraɗi, wanda ya yi allo kafin a sa shi lakwal, aiki ya kai shi Barazil wajen wani taro bisa noman wake. Da aka tashi taron sai kwana huɗu suka rage masa kafin jirginsa, abokan aiki suka ba shi shawara ya ƙare su a Salbador. Abin da ya sani game da ƙasar bai wuce abin da kowa ya sani ba: ƙwallo, da Pele, da kurmin Amazon. Da ya duba taswira ya ga birnin yana wajen digiri 13 kudu da layin da ya raba duniya biyu, kamar yadda Maraɗi da Yamai suke wajen digiri 13 arewa da shi. Amma ruwan da ke zuba can a shekara ya kusa milimita 2,000, alhali manomin Maraɗi godiya yake yi in ya sami 500. Shi ya sa abin da ya fara cika masa ido shi ne ciyawa, wadda take fitowa har a tsagar bango da rufin gidaje ba tare da akuya ta kula ta ba.

Salbador gari ne mai hawa biyu. Turawan Fotugal suka kafa shi a 1549 bisa wani dogon tudu da ke kallon makeken lungun da teku ya yi cikin ƙasa. A sama suka gina fadar gwamna da majami'u da gidajen masu hali, a ƙasa kuwa tashar jiragen ruwa da rumbunan haja. Shi ne babban birnin Barazil na farko, har zuwa 1763 da aka mai da mulki Riyo. Ƙidayar 2022 ta sami mutum wajen miliyan 2.4 a cikinsa, fiye da kashi 80 cikin 100 kuwa sun bayyana kansu a matsayin baƙaƙe ko ruwa biyu. Tun 1873 wata na'urar hawa da sauka mai suna Laserda, mai tsawon mita 72, take haɗa garin sama da na ƙasa, ta kwashi ma'aikata da ƴan makaranta da ƴan yawon buɗe ido a ɗaki guda. A cikinta baƙon ya lura ba wanda ya ɗaga ido ya dube shi. Fuskokin da ke kewaye da shi irin waɗanda yake gani ne a tashar mota ta Kotonu ko kasuwar Ikko, har wata tsohuwa ta tambaye shi wani abu da harshensu, ta yi mamaki da ya kasa amsawa.

Ranar farko ya ba tsohuwar unguwar da ake kira Pelurinyo, wadda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 1985. Hanyoyinta na dutse ne, masu hawa da gangara, gidajen kuwa an shafe su da shuɗi da rawaya da ruwan hoda kamar akwatunan lefe. Samari na buga manyan ganguna a kan hanya, wasu na wasan kafuwera, wanda rabinsa rawa ne rabinsa kokawa. Jagoran da ya ɗauka, wani saurayi ɗalibin tarihi mai jin Faransanci, ya nuna masa inda mawaƙin Amurka Michael Jackson ya yi rawa da makaɗan Olodum a 1996, domin abin da yawancin baƙi ke fara tambaya ke nan. Sa'an nan ya rage murya ya ce, "Baba, sunan unguwar nan ma'anarsa turken da ake ɗaure bawa a yi masa bulala a bainar jama'a." Ya ƙara da cewa gyaran da aka soma a 1992, wanda ya fito da kyawun gidajen, shi ne kuma ya fitar da talakawa da yawa da ke zaune cikinsu zuwa bayan gari.

Da la'asar ƙamshi ya tsai da shi a wani dandali. Wata mata ce zaune bayan tirenta, sanye da farar riga mai faɗi da farin ɗankwali da tsakiya a wuya, tana jefa ƙullun wake cikin tafasasshen manja. Ƙosai ne, ba ko tantama, sai dai ya kai girman dunƙulen hannu. Suna kiran shi akaraje, daga akara ta Yarbawa. Takan tsaga shi biyu ta cika shi da wani kwaɓi mai gyaɗa da madarar kwakwa, da miyar kuɓewa, da busassun jatan lande. Ta tambaye shi ko yana so da zafi ko da sanyi, jagoran ya bayyana masa cewa barkono take nufi. Ya ce da zafi, ya cinye bai nemi ruwa ba, matar ta tafa hannu tana dariya. A gefen kaskon akwai abara, ƙullun wake da aka turara cikin ganyen ayaba, wato alala. Tun 2005 Barazil ta rubuta sana'ar waɗannan mata cikin kundin gadon ƙasa. Malamin gona, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana fama da ƙwarin wake a ƙasar da ke bin Najeriya wajen yawan nomansa a duniya, ya tsaya yana tunanin matan da ke suya bakin hanya a Maraɗi tun da asuba, waɗanda ba a taɓa rubuta sana'arsu cikin wani kundi ba.

Rana ta biyu ta majami'u ce da kasuwa. A gangaren Pelurinyo akwai wata shuɗiyar majami'a da bayi da ƴantattu suka gina wa kansu cikin ƙarni na 18, da ɗan abin da suka tara da lokacin da ya rage musu bayan aikin iyayengiji. Wasu majami'un na masu hali kuwa an lulluɓe cikinsu da ruwan zinariya har ido ya gaji. Duk wanda ya tambayi inda wannan dukiya ta fito, amsa uku zai samu: rake, da taba, da zinariyar da aka haƙo a Minas. Hannun da ya yi aikin kuwa ɗaya ne. Fiye da mutum miliyan 4 da rabi aka sauke a Barazil daga Afirka, wato sama da kashi 40 cikin 100 na dukan waɗanda aka ƙetarar da su tekun Atlantika, kuma wajen miliyan 1 da rabi ta Bahiya suka shigo. Bafaranshen nan Pierre Verger, wanda ya zauna a Salbador daga 1946 har rasuwarsa a 1996, ya nuna yadda tabar Bahiya, da ake murɗawa a shafa mata ruwan rake, ta zama kuɗin sayen mutane a Wida da Porto-Nobo da Badagiri da Ikko. Barazil ba ta tsai da jigilar bayi da gaske ba sai 1850, ba ta soke bauta ba sai 13 ga Mayu 1888, bayan kowace ƙasa a nahiyar Amurka.

A wani ƙaramin gidan abinci ne, cikin jerin sunayen da ba ya ganewa, idonsa ya faɗa bisa kalmomi uku: arroz de hauçá. Ya sa yatsa a kai, jagoran ya ce, "Shinkafar Hausa ke nan, Baba. Wasu mutanen Afirka ne na dā." Aka kawo farar shinkafa da ta dahu luguf har ta kusa zama tuwo, an zuba mata soyayyen busasshen nama da albasa, da miyar manja mai yaji. Mai gidan ta san girkin tun daga kakarta, amma ba ta san ko akwai sauran masu wannan suna a duniya ba. Da aka gaya mata ga ɗaya nan zaune a teburinta, kuma masu magana da harshensa sun kai miliyoyi da dama, sai ta kira mai dafuwa daga madafa domin ta zo ta gani.

Yadda Hausawa suka isa Bahiya ba ɓoyayyen abu ba ne ga masana, ko da yake bai cika shiga hirar zaure ba. Jihadin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soma a 1804 ya girgiza ƙasar Hausa shekara da shekaru. Birnin Katsina ya fita hannun sarakunansa wajen 1807, zuriyarsu ta zo ta kafa mulki a Maraɗi. Alƙalawa ta Gobir ta faɗi a 1808. Kowane yaƙi yana barin kamammu, daga ɓangaren masu jihadi da na sarakuna baki ɗaya. Wasu aka riƙe su a gida, wasu aka bi da su Sahara, wasu kuma aka miƙa su kudu hannu zuwa hannu, ta Nufe da Oyo, har bakin ruwa. Yaƙe-yaƙen da suka haifi Maraɗi ta yau suna cikin waɗanda suka cika jiragen Bahiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: Turawa suka saya, amma wanda ya kama ya sayar da fari sau da yawa maƙwabci ne, mai harshe ɗaya da wanda aka kama.

Yawancin waɗanda suka iso samari ne da suka san baka da kibiya, kuma ba su daɗe ba suka nuna haka. A watan Mayu na 1807 gwamnan Bahiya ya gano wani shirin tawaye da Hausawa suka ƙulla cikin birnin. A 1809 wasu suka tashi a yankin gonakin da ke kewaye da lungun tekun. Ranar 28 ga Fabrairu 1814 bayi wajen 200 ko fiye suka ƙone wuraren kamun kifi a arewacin birnin, suka faɗa wa ƙauyen Itapuwan, kafin soja su ci ƙarfinsu. Takardun shari'a sun kira jagoransu da laƙabin malomi, kuma Bahaushe ba ya bukatar tafinta kafin ya ji malami a ciki.

Rana ta uku baƙon ya roƙi jagoransa su ajiye jerin wuraren da aka saba kai baƙi, su bi sawun tawayen 1835, wanda ake kira tawayen Male, sunan da ake ba Musulmin Afirka a Bahiya. Masanin tarihi João José Reis, ɗan garin, ya bi takardun ƴan sanda da na kotu ya fitar da labarin a littafinsa na 1986, wanda ya faɗaɗa a 2003. A wannan karo Yarbawa ne suka fi yawa, amma da Hausawa da Nufawa a ciki. Akwai wani Bahaushe ƴantacce da ake kira Dandara, mai sayar da taba a garin ƙasa, wanda yake koyar da karatu a shagonsa, ya kuma shaida wa masu bincike cewa tun a ƙasarsu shi malami ne. An shirya tashi da asubar Lahadi 25 ga Janairu, cikin goman ƙarshe na azumi. Asiri ya tonu tun daren Asabar. Da ƴan sanda suka isa wani gida a gangaren da ke gefen fadar gari, sai mutum wajen 60 suka fito cikin fararen riguna, da takubba a hannu da layu a wuya. Suka nufi kurkukun da ke ƙarƙashin majalisar gari domin su fitar da wani dattijon malami, Pacífico Licutan, abin bai yiwu ba. Suka bi tituna suna kiran ƴan'uwa har suka kai wajen 600, daga bisani sojan doki suka tare su a Agwa di Meninus, bakin ruwa. Kimanin 70 suka mutu a daren, wasu cikin teku.

Duk wannan ya soma ne a dandalin da na'urar Laserda ke sauke mutane, inda baƙon ya tsaya shekaranjiya cikin masu ɗaukar hoton jiragen ruwa. Daga nan suka taka zuwa Kampu da Polbora, inda aka harbe mutum huɗu ranar 14 ga Mayu 1835. Wasu an yanke musu bulala ɗaruruwa, har da mai dubu, aka kuma kori ƴantattu da yawa zuwa Afirka. Yau wurin dandali ne mai tashar jirgin ƙasa na cikin gari, kusa da filin ƙwallon da aka buga wasannin cin kofin duniya na 2014. A watan Mayu na 2025 masu tonon tarihi suka sami ƙasusuwan mutane ƙarƙashin wani filin ajiye motoci da ke kusa, inda tsohuwar maƙabartar bayi da matalauta take. Baƙon ya tsaya gefen hanya, motoci na wucewa, ya yi abin da Musulmi ke yi idan ya bi ta maƙabarta.

A wani shagon littattafai jagoran ya buɗe masa littafin Reis wajen hotunan takardun da aka cire daga wuyan matattu da akwatunan waɗanda aka kama, waɗanda ke ajiye a ma'ajiyar takardun tarihi ta jihar Bahiya. Nan aiki ya juya. Saurayin da ya yi kwana uku yana karanta masa kowane allon hanya ya tsaya shiru, baƙon da bai iya ko sayen ruwa da harshen garin ba ya shiga karantawa. Ayoyi ne da addu'o'in neman tsari da hatimai, da irin rubutun da almajiri ke yi bisa allo daga Tawa har Damagaram. Takardun binciken sun ambaci alluna ma, da wanke rubutu a sha. Ƴan sandan 1835 sun ɗauki kowace irin wannan takarda a matsayin shaidar laifi, a garin da iyayengiji da yawa ba su iya karatu da nasu harshen ba.

Tambayar da ta hana shi barci a daren ita ce dalilin da ya sa Yarbanci ya rayu a Bahiya Hausa ta mutu. A gidajen ibadar kandombile, wadda ke da kama da bori ta wajen hawan iskoki da kiɗa da launin tufa, har yau da Yarbanci ake waƙa, gumakan orisha kuma suna tsaye cikin tafkin Tororo a tsakiyar gari. Hausa kuwa ta bar shinkafa da takardu. Dalilan ba su da wuyar ganewa. Hausawan da aka kawo maza ne galibi, matansu kaɗan ne ƙwarai, harshe kuwa a bayan uwa yake tafiya. Yarbawa sun zo daga baya, da yawa, maza da mata, har harshensu ya zama na kasuwa tsakanin ƴan Afirka. Bayan 1835 riƙe allo ko farar riga ya zama abin tsoro, sai karatu ya koma ɗaka, ƴaƴan da aka haifa can suka bi addinin gari. Wajen ƙarshen shekarun 1840 jakadan Faransa a Bahiya, Francis de Castelnau, ya zauna da bayi Hausawa suna kwatanta masa Kano da Katsina da Zazzau da Barno da hanyoyin da ke tsakaninsu, ya buga bayanansu a 1851. Bayan rabin ƙarni, likita Nina Rodrigues ya tarar da ƴan tsofaffi kaɗan ne suka rage, ya rubuta jerin kalmomin Hausa daga bakinsu. Da aka binne waɗannan, aka binne harshen a wancan gefen teku. Ƙaramin masallacin da ke unguwar Nazare a yau sabon dashe ne na ƙarshen ƙarni na 20.

Rana ta huɗu ya yi abin da kowane baƙo ke yi. Ya hau tudun Bonfin, inda aka lulluɓe shingen majami'ar da ƙyallaye masu launi, kowane da ƙulli uku na buri uku. Ya yi ciniki a kasuwar Modelu, tsohon gidan kwastan, inda farashi ke sauka da zarar mutum ya juya baya kamar a kowace kasuwa. Ya je Itapuwan, wadda ta zama unguwar bakin ruwa mai itatuwan kwakwa, ya ji cewa tun 1979 akwai ƙungiyar makaɗa a nan mai suna Male Debale, don tunawa da mutanen 1835, kuma rigar da ake sawa a bukin kanibal har yau abada ake ce mata, sunan farar rigar da suka sa a wancan dare. Da yamma ya zauna gindin hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Bara, cikin ɗaruruwan mutane da suka tafa wa rana da ta faɗi.

Tekun da ya kai su ya komo da wasunsu. Waɗanda aka kora da waɗanda suka fanshi kansu sun sauka a Wida da Porto-Nobo da Ikko, inda ake kiran zuriyarsu Aguda, da kuma Akara ta Gana, inda ake ce musu Tabon. Direban Nijar da ya taɓa zuwa ɗaukar kaya a Kotonu, in ya ratsa Porto-Nobo ya ga babban masallacin nan mai launi da siffar majami'a, to fasalin ginin Bahiya yake kallo. A Janairun 2003 Barazil ta kafa dokar da ta wajabta koyar da tarihin Afirka da na baƙaƙen ƙasar a makarantunta. A shekarar nan ce kuma Nijar ta sa bauta cikin manyan laifuffuka a kundin dokokinta, a 2008 kuwa kotun CEDEAO da ta zauna a Yamai ta yanke hukunci kan wata mata da aka bautar. Wannan ya isa ya nuna cewa maganar ba ta tsufa ba a kowane gefe. Ɗalibin da ya haddace 1804 da 1808 yana da haƙƙin a rubuta masa 1814 da 1835 a kan allo ɗaya, domin ci gaban labari guda ne, kuma mutanen da ke cikinsa suna da garuruwa da iyaye a nan.

Tsarabar da malamin gona ya komo da ita ba ta da yawa: garin kofi, da rigunan ƙwallo na yara, da littafin nan da ba ya iya karanta Fotugancinsa sai abin da Faransanci ya haska masa. Bayan ƴan kwanaki ya kai shi wa wani tsohon alaramma na unguwarsu, ya buɗe masa wajen hotunan. Tsohon ya matso da shafin kusa da idonsa, ya bi layin da yatsa yana karantawa ba tare da tuntuɓe ba, har ya tsaya a wata gaɓa ya gyara wasali. Ya ce, "Wannan hannun almajiri ne, bai gama ƙwarewa ba, amma an koya masa da kyau. Ɗan wane gari ne, Malam?" Aka ce masa takardar ba ta faɗa ba. Ya yi shiru ɗan lokaci, sa'an nan ya rufe littafin, ya ɗaga hannu, waɗanda ke zaure suka ɗaga tare da shi.